Kama Da Wane Ba Ta Wane: Abin Dubawa Kafin A Sake Wa Tsohuwar Akori-kura Inji

Duk wanda ya san hanyoyin da abinci ke bi kafin ya iso birni, to ya san akori-kura. Ita ce ke kwaso doya daga gonakin Binuwai ta kai bakin kwalta inda manyan motoci ke jira, ita ce ke ɗauko tumatir da albasa daga fadamun Arewa, ita ce kuma ke rarraba kayan gwari daga kasuwar Mil 12 zuwa unguwannin Ikko tun gari bai waye ba. Da yawa daga cikin motocin nan sun girmi direbobin da ke tuƙa su. Bodinsu ya sha walda, sifirin ya sha ƙari, fenti kuwa an daɗe da yafe shi, amma muddin inji yana numfashi, mota ɗaya tana ciyar da gida uku: na mai ita, da na direba, da na yaron mota.

To amma inji yana da ranarsa. Wani sannu a hankali yake tsufa, ya riƙa shan baƙin mai kamar ruwa yana turnuƙe hanya da hayaƙi, har ya kai ga ba ya iya hawan tudu da kaya. Wani kuwa farat ɗaya yake bugawa a tsakiyar daji, ko don mai ya tsiyaye ba a lura ba, ko don zafi ya yi masa yawa. Ko ta yaya abin ya zo, ranar nan mai mota zai ji bakanike ya ce masa sai an sake inji. Kuɗin da za a kashe ba kaɗan ba ne. Galibi adashi ne aka kwasa, ko bashi aka ciwo, ko wata dabba aka kai kasuwa, kuma sau ɗaya ake iya tara irinsu. Idan aka yi rashin sa'a aka sayo injin da bai dace da motar ba, ga kuɗi sun tafi, ga mota a kan duwatsu a gareji wata da watanni, ciyawa na tsirowa a ƙarƙashinta.

YADDA AKA KOMA GA NA HANNU

Cikin shekarar 1975, zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, aka fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna, waɗanda jama'a suka fi sani da Fijo. Samfurin 404 ya fara fitowa a Faransa cikin 1960, na 504 kuma cikin 1968, sa'an nan akori-kurar 504 ta biyo baya cikin 1979 ta gaji yayarta. Daga Japan kuwa Toyota Hilux, wadda aka fara ƙerawa cikin 1968, da ire-iren Datsun suka shigo suka sami wurin zama. A wancan zamani mutum yakan je kantin wakilin kamfani ya sayi kayan gyara sababbi cikin kwalinsu, da lamba da takarda. Bayan da aka shiga shirin tsuke bakin aljihu cikin 1986, darajar Naira ta faɗi, sabon kaya ya fi ƙarfin talaka, sai kasuwa ta juya ga na hannu da ake kwasowa daga Turai da Amurka da Japan, wanda Yarabawa suka sa wa suna tokumbo, wasu kuma suke ce masa ɗan Beljiyam. Tun daga 2023 da aka janye tallafin man fetur aka kuma saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa, har na hannun ma ya zama sai mai hali.

A kasuwar Ladipo ta Ikko, da Nkwo ta Nnewi, da Agodi ta Badun, da Panteka ta Kaduna, da Ƙofar Ruwa ta Kano, injuna ne a jibge tuli-tuli, an ciro su daga motocin ƙasashe daban-daban da shekaru daban-daban, babu littafi, babu tarihi. Maganar da mai saye ya fi ji a bakin mai sayarwa ita ce, "zai shiga." Sau da yawa kuma gaskiya ya faɗa, domin da guduma da wutar walda babu injin da ba za a iya cusa shi a ƙarƙashin bonet ba. Sai dai shiga daban, dacewa daban. Injin da ya dace shi ne wanda zai haɗu da giyar da ke cikin motar ba tare da an tilasta masa ba, ya zauna daidai a kan shasi, ruwa ya ishe shi, wuta ta ishe shi, birki kuma ya ci gaba da kamawa kamar da.

SUNA BA HUJJA BA NE

Kuskuren farko shi ne sayen inji da sunan mota, ko da girman cikinsa kaɗai. Ana auna cikin inji da si-si, watau kashi ɗaya cikin dubu na lita, a kasuwa kuwa akan taƙaita a ce mai lita biyu, ko mai biyu da ɗigo huɗu. Wannan taƙaitawa ta jefa mutane da yawa cikin asara.

Alal misali, a ɗauki Peugeot. Injin fetur na 404, wanda kamfanin ya lakaba wa XC, si-si 1,618 ne. Na 504 akwai XM mai 1,796, akwai XN mai 1,971. Dukkansu 'yan gida ɗaya ne: gangar jikinsu ta baƙin ƙarfe ce, taiminsu na sarƙa ne, kuma an kishingiɗar da su gefe guda a kan kusurwa mai digiri 45 domin bonet ya yi ƙasa. Saboda wannan zumunci, ɗaga akori-kura daga mai 1,618 zuwa mai 1,971 yana cikin sauye-sauyen da suka fi sauƙi, ko da yake shi ma sai an duba kuloci da lagireto da bakin salansa. To amma a cikin 505, wadda ta fito cikin 1979, akwai wani injin dabam mai si-si 1,995, wanda aka ƙera da haɗin gwiwar kamfanin Renault. Shi jikinsa na alminiyam ne, taiminsa na bel ne, kamshaf ɗinsa kuma a sama yake. A bakin ɗan kasuwa duka biyun Fijo ne mai lita biyu, alhali ban da suna babu abin da ya haɗa su.

Wajen Toyota abin ya fi haka yawa. Injin 22R si-si 2,366 ne, 2RZ kuwa 2,438, sa'an nan 2L mai 2,446. Duka ukun ana kiransu biyu da ɗigo huɗu, amma biyun farko na fetur ne daga gidaje daban-daban, na ukun kuwa man gas yake sha. Sa'ar da aka yi ita ce Toyota tana rubuta asalin kowane inji a cikin sunansa. Harafin da ke tsakiya shi ne gidan da ya fito, ko R, ko Y, ko L, ko RZ; lambar da ke gaba tana nuna na nawa ne a gidan; haruffan da ke bayan ɗan layi kuma suna nuna kayan da aka ƙara masa, E na nufin mai injekta ne da na'ura ke sarrafawa, T na nufin mai tabo. Ita ma motar tana ɗauke da shaidarta. A kan wani ɗan faranti da aka kafe a ɗakin inji ko a jikin ƙofa, za a ga lambar samfurinta ta fara da RN, ko YN, ko LN, ko RZN, watau gidan injin da aka haife ta da shi ke nan, a ƙasa kuma ga lambar giya da ta aksul. Mai motar da ya kwafi abin da ke kan farantin nan a takarda, ya haɗa da lambar da aka buga a jikin tsohon injinsa, kafin ya doshi kasuwa, ya riga ya rage rabin wahalarsa.

Ko suna ya zo ɗaya ma, sai an tambayi shekara. Injin 22R ya fara fitowa cikin 1981, amma cikin 1985 aka sake masa fasali: aka rage tsawon bulok, aka canja fistin, da kan silinda wanda kanikawa ke kira tof, da tsawon sarƙar taimin, suna kuwa aka bar shi yadda yake. Wanda ya sayo rabin inji na bayan 1985 da nufin ya ɗora masa tsohon tof ɗinsa na 1983 domin ya rage kashe kuɗi, zai ga notuna sun ɗauru lafiya lau, sai an zo wajen sarƙa da matsin silinda a tarar lissafi bai fita ba. Haka nan injin gas na 2L: cikin 1988 aka sake tsarin yadda kamshaf ke danna bawul, saboda haka tof na farko da na baya ba su musanyuwa kai tsaye.

TSOHON INJI SHI NE MA'AUNI

Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare, wadda kuma ita ce ta fi kowace cutar da masu motoci. Da zarar an sauke tsohon inji, sai a kira 'yan gwangwan su auna shi a kilo, ko a ba mai sayar da injuna shi a yi ciko, domin a rage kuɗin saye. Wannan gaggawa ce mai tsada. Injin da ya buga ya daina aiki ne kawai, amma duk abin da ke maƙale a jikinsa an ƙera shi ne domin wannan motar: ƙafafun da yake zama a kansu, da kwanon baƙin mai, da bututun shigar iska da na fitar hayaƙi, da fulawil, da sitata, da madaurin altaneta, har da 'yan ƙananan na'urorin da ke aika labarin zafi da na mai zuwa gaban direba. Gogaggen bakanike ba ya yarda a taɓa ko noti ɗaya daga ciki sai ya ajiye tsoho da sabo gefe da gefe a ƙasa, ya bi su da ido da tef, gaba da baya, sama da ƙasa. In da hali ma, a ɗora tsohon a bayan wata mota a tafi da shi kasuwa. Kuɗin dako bai kai kuɗin cinikin biri a sama ba.

Wurin da ya fi muhimmanci a wannan gwaji shi ne bayan inji, inda yake haɗuwa da giyabos. Tsakaninsu akwai wani ƙoƙon ƙarfe mai kama da ƙararrawa, wanda ke rufe fulawil da kuloci, kuma kowane gidan inji yana da nasa tsarin ramukan noti a wurin. Na R daban, na Y daban, na L daban. A yawancin tsofaffin giyoyin Hilux ana iya kwance ƙoƙon nan a sa wani, saboda haka mai sauya gida sai ya nemi ƙoƙon da ya dace da sabon inji tun a ranar ciniki. Hanya mafi sauƙi ta gwaji ita ce a cire siririn farantin da ke tsakanin tsohon inji da giya, ko a zana ramukan a jikin kwali, a je a kara a bayan wanda za a saya. Idan rami ɗaya ya kauce, to ya kauce. Wasu kanikawa sukan ɗaure noti uku ko huɗu da suka zo daidai su bar sauran, ko su faɗaɗa rami da abin huji, har su cire 'yan turakun nan biyu da ke daidaita tsakiyar inji da tsakiyar giya domin sun hana abu shiga. Mota za ta tashi, za ta yi tafiya, mai ita ya yi murna. Amma sandar giya tana juyawa a karkace, ko da da kaurin farce ne, kuma cikin 'yan watanni kuloci zai fara cinyewa, giya ta fara ƙara tana fita da kanta, a yi ta canja kaya ba a san tushen ciwon ba.

Akwai kuma wani ɗan abu da bai kai kan kwalba girma ba, wanda ake yawan mantawa da shi. Yawancin injunan da ake kawowa daga Amurka da Japan an ciro su ne daga motoci masu giyar atomatik. Irin waɗannan ba su da fulawil mai nauyi, sai wani siririn faifai, kuma a ramin da ke gindin karanshaf ɗinsu babu ɗan boris ɗin nan da kan sandar giyar hannu ke shiga ya zauna. Dole a sa shi kafin a ɗora inji, in ba haka ba sai an sake sauke komai. Idan za a mayar da tsohon fulawil, a ƙirga ramukan notinsa, domin wani karanshaf shida gare shi, wani takwas. A ƙirga haƙoran da ke gefensa a gwada su da na sitata. A kuma zura faifan kuloci a kan sandar giya a tabbata tsagoginsu sun yi daidai.

ƘASAN INJI DA GEFENSA

Kamfani ɗaya yakan sa inji iri ɗaya a motoci da yawa, ya canja masa tufafi kawai. Injunan 3L da 5L, masu si-si 2,779 da 2,986, ana samunsu a Hilux, ana samunsu a bas ɗin HiAce, kuma da yake bas-bas sun yi yawa, nasu sun fi samuwa a kasuwa. Amma a HiAce inji yana ƙarƙashin kujerar direba ne, saboda haka kwanon baƙin mansa, da bututun iskarsa, da inda sandar auna mai take, an tsara su ne domin wancan wuri. Kwanon nan yana da tumbi a gefe guda inda mai ke taruwa, a wata mota tumbin yana gaba, a wata yana baya, gwargwadon inda ƙarfen da ya gitta shasi da sandunan sitiyari suka bi. A mota mai jan ƙafa huɗu kuma ga aksul na gaba yana neman nasa wurin. Maganin abin shi ne a mayar da kwanon tsohon inji. Sai dai kwano ba ya tafiya shi kaɗai: dole ya tafi da bututun da ke zuƙo mai daga cikinsa, da sandar aunawarsa. Idan aka canja kwano aka bar bututun wancan, bakinsa zai tsaya inda babu zurfi, ya riƙa zuƙar iska a kan tudu ko a kwana, sabon inji ya buga cikin mako guda, a ce ɗan kasuwa ya yi cuta alhali kuwa aikin hannu ne.

Ƙafafun inji kuma, idan ba su faɗa kan mazauninsu na shasi ba, akan kira mai walda. Babu laifi a wannan matuƙar an yi shi da awo. Ƙa'idar ita ce giya ta tsaya a wurinta na asali, inji ya bi ta, domin da zarar an ja giya gaba ko baya, tsawon farfela ya canja, sandar sa giya ta kauce wa raminta, kusurwar da farfela ke juyawa a kai ta lalace, mota ta kama rawa in ta ɗauki gudu. A kuma bar tazara tsakanin fanka da lagireto, da tsakanin salansa da tiyon birki, gama inji yana motsi a kan robobinsa sa'ad da yake jan kaya.

A nan ne tarihin hanya ke shigowa. Ran 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, sitiyari ya koma hagu. Japan da Ingila kuwa har yau sitiyarinsu a dama yake. Gangar injin ɗaya ce, amma wayar totur, da tsawon wayoyin wuta, da hanyar da bututun hayaƙi ke bi ya kauce wa akwatin sitiyari, duk suna iya zuwa a juye. Ko a cikin gida ɗaya ma akwai wannan: tsohon 18R iskarsa da hayaƙinsa gefe ɗaya suke, 20R da 22R kuwa iska na shiga ta wannan gefe hayaƙi na fita ta wancan.

DAGA FETUR ZUWA GAS

Babu sauyin da ya fi jan hankalin masu dako kamar wannan, domin injin gas yana da ƙarfin ja tun daga ƙasa, kuma lita ɗaya tana kai shi nesa fiye da na fetur. Babu kuma sauyin da ya fi shi ɓoyayyun kuɗi. Injin fetur na zamanin 404 yana matse iska kamar sau takwas, na gas kuwa fiye da sau ashirin, domin zafin matsin nan ne ke kunna man, ba filogi ba. Saboda haka yana bukatar sitata mai ƙarfi, da babban batir, da wayoyi masu kauri, da layin filogin ɗumama silinda domin sanyin asuba. Yana bukatar a wanke tanki, a ja bututu na biyu mai mayar da rarar mai, a sa matacin da ke raba gas da ruwa. Ya fi na fetur nauyi ƙwarai, har gaban mota ya sunkuya in ba a ƙarfafa sifirin ba. Ba ya kuma juyawa da sauri kamar na fetur, don haka in aka bar masa aksul ɗin da aka tsara domin fetur, sai a ji yana kururuwa a kan kwalta mota ba ta gudu. A wajen Peugeot, injunan gas na Indenor, mai si-si 1,948 da mai 2,304, ba su kishingiɗa kamar na fetur ba, ke nan mazauni da ƙoƙon giya duk sai nasu.

Amma duk waɗannan na aljihu ne. Wanda ya shafi rai shi ne birki. A motocin da ke da sabo, watau baƙin tulun nan da ke bayan feda wanda ke ƙara wa ƙafar direba ƙarfi, tulun yana aiki ne da zuƙar iska da injin fetur ke yi a bututun shigarsa. Injin gas ba ya yin wannan zuƙa, sai an haɗa masa famfo na musamman, wanda a injunan L na Toyota yake manne a bayan altaneta. Idan ɗan kasuwa ya cire altanetar ya sayar daban, bakanike kuma ya ɗaura ta tsohon injin fetur domin ta yi caji, to wuta za ta kawo, mota za ta tashi, birki kuwa ya zama dutse. A cikin gareji ba za a gane ba. Sai ranar da aka ɗoro buhunan masara aka kamo gangaren Riyom ko na Ninth Mile.

KAFIRETO DA INJEKTA

Injunan kafireto sun yi ƙaranci, domin ƙasashen da ake kwaso kaya daga cikinsu sun daɗe da barinsu. Abin da ya fi samuwa shi ne mai injekta, irin su 22R-E da 3RZ-FE, kuma shi ba ya aiki sai da ƙwaƙwalwarsa, watau akwatin na'urar da ke auna masa mai da wuta, tare da dukkan damin wayoyinta da na'urar auna iska. Kafireto famfo mai rauni ya ishe shi, injekta kuwa yana son famfon lantarki mai matsi kamar ninki goma na wancan, da tiyon da zai jure. Sababbin ciki ma, irin su 2TR-FE da ya gaji 3RZ da girman ciki kusan ɗaya, wasunsu ba su tashi sai ƙwaƙwalwa ta gane makullin da aka haɗa ta da shi. Wanda zai sayi irin wannan, ya saye shi da kayansa duka daga mota ɗaya, a ranar ɗaya, a rasit ɗaya. Tsintar ƙwaƙwalwa a wannan rumfa da waya a waccan ita ce ke sa a ga mota tana shan mai kamar rariya.

Wasu sukan kauce wa wannan duka su cire injekta su ɗaura kafireto. A kan 22R-E abin yana yiwuwa, tun da yana da ɗan'uwa mai kafireto da za a ari kayansa. A kan injin da ba a taɓa ƙera shi da kafireto ba kuwa, ƙirƙira ce ta gareji, kuma mai mota ne zai riƙa biyan kuɗinta a gidan mai.

Kafin a bar wannan fage, ya kamata a tambaya ko sauyin ma ya zama dole. Injunan fetur na 404 da 504 suna da silif da ake zarewa, watau ramukan da fistin ke kai da kawowa a ciki ba a jikin bulok aka fafe su ba. Matuƙar bulok bai tsage ba, karanshaf kuma yana karɓar gyara, ana iya sa sababbin silif da fistin da ringi a yi masa garambawul ya koma aiki, babu walda, babu canjin lamba. Wahalar a nan ita ce samun kaya na ƙwarai a kasuwar da jabu ya cika.

RANAR CINIKI DA BAYANTA

Idan an gamsu inji ya dace, saura lafiyarsa. A buɗe murfin zuba mai a duba: in an ga wani abu fari-fari kamar kindirmo, ruwa ya haɗu da mai. A cire filogi a jera su, wanda ya fita daban da 'yan'uwansa yana ba da labarin silindarsa. A sa sufana a juya karanshaf zagaye biyu a ji ko akwai inda yake cijewa, a kuma tura shi gaba da baya a ji ko yana wasa. A auna matsin kowace silinda da geji, bambancin da ke tsakaninsu kada ya wuce kashi goma cikin ɗari. Injin da aka wanke fes aka fesa masa fenti ya fi mai ƙura bukatar bincike. A rubuta kwanakin gwaji a rasit, kuma a nemi su fara daga ranar da aka tayar da inji a cikin mota, domin aikin ɗorawa kaɗai yana iya cinye mako.

Tun inji yana ƙasa ake canja abin da zai yi wuyar kaiwa daga baya: robar da ke tare mai a bayan karanshaf, da faifan kuloci, da bel ɗin taimin in mai bel ne. A tsofaffin injunan L kamfani ya ƙayyade a canja bel ɗin nan duk bayan kilomita 100,000, kuma babu wanda ya san nawa na kasuwa ya riga ya ci. In ya tsinke yana tafiya, fistin zai daki bawul. Lagireto kuma a ba shi girman da ya dace da sabon inji, a wanke shi. Al'adar nan ta cire na'urar da ke daidaita zafin ruwa, wai don an yi ta ne saboda sanyin Turai, ba ta warkar da lagireton da ya toshe, sai dai ta hana inji kaiwa zafin da aka tsara ya yi aiki a kai. A mayar da na'urorin zafi da na mai na tsohon inji, domin su ne allurar da ke gaban direba ta san yarensu.

Sa'an nan takarda. Lambar inji tana cikin takardun mota tare da lambar shasi, kuma jami'in da ya buɗe bonet a kan hanya ya ga sun saɓa yana da dalilin tsare mota har sai an yi bayani. A karɓi rasit mai ɗauke da sunan shago da adireshinsa da cikakkiyar lambar injin, a gwada ta harafi da harafi da wadda ke jikin bulok, a guji duk injin da aka goge lambarsa ko aka sake buga ta komai arharsa, sa'an nan a kai ofishin lasin a gyara takardu. Makon farko a yi tafiya da kaya marasa nauyi, ana duba ruwa da mai kowace safiya, a koma gareji a sake bin notunan mazauni da na ƙoƙon giya, a canja baƙin mai da wuri. In an yi wata guda allurar zafi ba ta wuce tsakiya ba, ƙasan mota kuma a bushe, to a lokacin ne za a kwafi lambar tsohon bulok a ajiye tare da rasit, a kira 'yan gwangwan su zo da sikelinsu.